Kwantai Ba Mushe Ba Ne

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma ake mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon kira ya zo kan surukina, mahaifin maigidana, wanda duk gidan nan muke ce wa Baba.

Ranar da aka kai shi makwancinsa ina cikin gida tare da mata, amma babu abin da ya wuce ni. Katangar da ta raba madafina da zauren Baba ba ta da kauri, ni kuwa Allah bai ba ni karatu mai nisa ba, kunne Ya ba ni. Ina ji Fulanin wajen Dutsi suka iso, suka jingine sandunansu a jikin katanga. Ina ji wani Buzu da ya tsallako daga Nijar yana ta maimaitawa da Hausarsa mai nauyi, “Yanzu wa zai sauke mu? Wa zai tsaya mana?” Domin Baba dillalin shanu ne a karar Mai'adua, wato kasuwar dabbobi, kuma fatoma ne. Baƙon da ya koro dabbobi daga nesa a gidansa yake sauka, shi yake ci da shi, shi yake tsaya masa a wajen ciniki don kada a cuce shi.

Tsohon abokin dillancinsa, wanda suka tsufa suna musu a kan haƙoran shanu, ya ƙi zama a tabarma. Ya je ya tsuguna wajen turaku, aka yi aka yi ya taso ya ƙi. Na ji yana cewa, “Ya tafi ya bar ni da gardama a baki. Da wa zan ƙarasa ta?”

Gwaggo, ƙanwar Baba, ba ta yi hawaye ba. Faɗa ta wuni tana yi da 'yan mata, wai kunun sadaka ya yi ruwa. Sai da ta shiga ɗakinsa neman tabarma, ta ga hularsa a rataye a ƙusa, sannan ta zauna a wurin ta yi kukanta.

Amma maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, ni da rabona da rubutu tun ajin yaƙi da jahilci, ta maƙwabciyata ce. Ta zauna kusa da ni ta kama hannuna, ba ta ce min ya haƙuri ba. Cewa ta yi, “Ke dai naki ya dawo. An ce shi ya shiga kabari ya karɓi kakansa.” Sai ta saki hannuna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ɗanta ya tafi Turai karatu shekarun baya, takardarsa ta zama ta ƙare, ya ɓuya a can. Idan ya fito ba zai iya komawa ba, don haka bai fito ba har yau. Da mahaifinsa ya rasu, a waya aka nuna masa makara.

Saura ƙiris nawa ya bi wannan hanyar. Wanda ya tare shi kuwa shi ne mutumin da muka binne. Shi ya sa nake so a sani.

Bari in fara da wata ɗabi'arsa, don duk labarin a cikinta yake. Duk mai kai dabba kasuwa ya san akwai ranar da ba a saye. Ka kai sa ka wuni a rana, a taya shi tayin raini, ka dawo da abinka. Kwantai ke nan. Yawancin mutane kunyar kwantai suke ji. Sai su laɓe a bakin gari har a yi magariba, sannan su bi lungu da san, don kada majalisa ta ce wane ya kai ya dawo da shi. Baba bai taɓa yin haka ba. Da an aiko masa cewa sa ya yi kwantai, sai ya cika ƙwarya da dusa da 'yar kanwa, ya ɗauki sanda, ya fita taryensa da kansa. Ta babban titi za su dawo, ido na ganin ido, yana gaisawa da mutane. A gida kuma wanda ya dawo shi ake fara shayarwa kafin waɗanda suka wuni a inuwa.

Ina amarya na taɓa jin marigayiya Iya, matarsa, tana masa tsiya. Ta ce, “Malam, sai ka ce ango ka ɗauko.”

Ya ce, “Shi ya sha rana, shi aka lalube, shi aka raina. Ya dawo kuma in ɓoye shi? Kwantai ba mushe ba ne. Kasuwa ce ba ta yi ba.”

Mutum ne mai tsiya da son shayi mai sukari har cokali ya tsaya. Ba ya cin abinci shi kaɗai. In babu baƙo a zaure sai ya leƙa titi ya kira duk wanda ya gani. Yana da taurin kai kuma, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. In ya ce sa ɗan shekara huɗu ne, ko uwar san ce ta zo ta ba da shaida ba zai janye ba.

Ɗana na fari sunan Baba aka sa masa. Saboda haka ni ba na kama sunan, ga kunyar ɗan fari ga ta suruki. Shi Baba “Takwara” yake ce masa, ni kuma tun daga ranar suna ya koma kirana “Uwata”. Da aka yaye yaron ɗakin Iya ya koma, a gindin Baba ya girma. Suna wasan jika da kaka har ka rantse sa'anni ne. Yaron ya ce masa tsoho mai ran ƙarfe, shi kuma ya ce, “Ka ci tuwona ka zage ni, ɗan banza mai kan lissafi.”

Kan lissafin ne ya kai shi nesa. Ya gama jami'a a nan, ya samu gurbin ƙaro karatu a Ingila a kan harkar kuɗi da zuba jari. Maigidana, wanda malamin makaranta ne, ya sayar da gonarsa ta hanyar Dutsi, Baba ya ɗora da bijimai. Kafin yaron ya hau jirgi, duk majalisar maigidana ta san cewa ɗansa zai yi aiki a bankin Turawa. Shi ya faɗa musu da bakinsa, ba sau ɗaya ba.

Karatu ya yi kyau. Ya gama, aka turo hoto da wata hula mai kama da faifai, Baba ya kalla ya ce wace ce ta ɗora masa marfin kwano a ka. Daga nan aka shiga neman aiki, daga nan kuma barcina ya ragu.

Kunnen Baba ya yi nauyi, don haka in yaron ya kira, a fili ake sakin muryar wayar. Bayan rasuwar Iya ni ke kai masa kunu da la'asar, to lokacin ne suke magana. Ni dai ba zan tambayi ɗan fari lafiyarsa a gaban suruki ba. Sai in ajiye kwano, in koma bakin ƙofa in tsuguna ina gyaran wake da ba ya buƙatar gyara. Duk abin da na sani game da biza a nan na koye shi.

Abin da na fahimta shi ne, bayan karatu ana ba su wa'adi su nemi aiki. In wa'adin ya cika, sai in akwai kamfanin da ya yarda ya ɗauki nauyin takardar zamanka, in babu ka tattara. Shekarar kuma ta zo da faɗuwar kasuwa. Bankunan da suke ɗibar ɗalibai da yawa sun koma sallamar waɗanda ke ciki.

Baba ya saurara ya ce, “Au, fatoma ake nema! Ai sai ka faɗa min tun farko. Takwara, wannan sana'ata ce. Ka je gidan mai bankin da sassafe ka gaishe shi. Kada ka yi maganar aiki ranar farko.”

Yaron ya yi dariya ya ce, “Kaka, ba a zuwa gidan kowa. A kwamfuta ake cikewa a tura.”

“To in sun kira ka fa?”

“Wani lokacin ma ba mutum ba ne. Na'ura ce take jefo tambaya, in kalli gilashi in amsa, ta ɗauka.”

Baba ya juyo wajena. “Uwata, kin ji? Kasuwar da ba a musabaha. To wa ake kallon idonsa?”

Bai haƙura ba. A ganinsa ba a shiga wajen fatoma hannu rabbana. Ya sa aka yi kilishi na musamman, ya sayi turare da hula ƙube mai kyau, ya ba wani ɗan garin nan da zai tafi can, wai a kai wa shugaban bankin da ya kira yaron intabiyu. Ni na naɗe kayan da hannuna, don ni ma na ɗauka dabara ce. Kilishin a filin jirginsu aka ƙwace, wai ba a shiga da nama. Turaren ya fashe a jaka. Hula kaɗai ta isa, tana ƙamshi. Yaron ya kira yana dariya har da tari, ya ce shi zai riƙa sawa, don in ya kai wa mai intabiyu kyauta cin hanci za a ce ya bayar. Baba ya yi kwana biyu yana mita a kan kilishin. “Ko wani ma'aikaci ya ci abina da shayi, Allah Ya sa ya ji yajin.”

Wannan ta dariya ce. Akwai wadda ba ta dariya ba.

Wata la'asar yaron ya kira muryarsa a dushe. Ya ce wani kamfani ya kai shi har zagayen ƙarshe, sun yaba masa, sannan suka tambaye shi ko yana buƙatar a ɗauki nauyin bizarsa. Da ya ce e, sai suka ce bana ba su da hali. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, abokan karatunsa 'yan Indiya da 'yan Sin da 'yan Gana duk haka ake musu. Wasu sun ce masa ya riƙa cewa ba ya buƙata, in ya shiga ciki a san yadda za a yi.

Baba ya ce, “A'a. Abin da za a gani gobe, faɗe shi yau. Ban taɓa sayar da sa na rufe wa mai saye wani abu ba.” Sai ya gyara zama. “Ba ni lambar mai kamfanin. Ni zan tsaya maka. Ka fassara masa, ka ce in ka ci amana a zo a kama ni. Ya aiko a tambaya a kara, daga nan har Damagaram, ko na taɓa tsaya wa mutum aka yi da-na-sani.”

Yaron ya ce a hankali, “Kaka, ba su san ka ba. Ko sun san ka, doka ba ta karɓar tsayawar mutum. Sai kamfanin da gwamnatinsu ta ba izini.”

Baba ya miƙo min wayar, alamar an gama. Kunun ranar haka na ɗauke shi ya yi sanyi, bai taɓa ba. Da na durƙusa zan ɗauki kwanon sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Uwata, na tsaya wa Buzu, na tsaya wa Bafillace, na tsaya wa mutumin da ban san sunan garinsu ba. Ga nawa a tsaye a kasuwar wasu, babu mai riƙe masa igiya.” Tun da na zo gidan nan ban taɓa jin ya ce akwai kasuwar da ta fi ƙarfinsa ba sai ranar. Ya ce, “Wannan ban san ta ba. Shi ya san ta, kuma yana yin abin da ya kamata.”

Wa'adi ya matso. Yaron yana aikin ɗaukar kaya a wani sito don ya biya haya, in ya tashi ya koma cike-ciken neman aiki. A waya ina jin yadda dariyarsa take gajarta. Ya daina tsokanar kakansa. Ranar da ya ce “Ina wuni, Kaka” a ladabce, babu tsoho mai ran ƙarfe, na san abin ya kai inda ya kai.

A nan ne rigima ta tashi tsakanin Baba da maigidana, kuma ita ce mafi girma da na gani a zamana da su. Maigidana ya samo labarin wani dillali a can da yake sayar da takardar ɗaukar aiki, aikin da babu shi, suna kawai. In hakan bai yiwu ba, a cewarsa, yaron ya lafe kawai bayan wa'adi, ya yi 'yan aikace-aikace a ɓoye har kasuwa ta farfaɗo. Ya shiga zaure neman Baba ya saki sauran shanunsa. Ina madafa, na rage wuta don in ji.

“Baba, gona ta tafi. In ya dawo haka, me muka yi ke nan?”

“Karatun ya zube a hanya ne?”

“Ba a cin karatu, Baba. Da wane ido zan kalli mutane? Kowa ya san inda na ce zai yi aiki.”

“Wa ya aike ka ka faɗa? Kai ka yi cinikin sa tun yana cikin uwarsa.”

“Wasu suna yi, suna zaune lafiya.”

“Leƙa gidan maƙwabcinka ka ga lafiyar. Malamin boko, fatoman da ake saye da kuɗi, ranar da aka zo kama baƙo shi ke nuna ɗakin da yake. Ba da shanuna ba.”

Maigidana ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi wa mahaifinsa ba. Ya ce, “Ɗana ne!”

Baba ya ce, “Ɗanka ne. Ni kuma sunana yake ɗauke da shi. Ba za a ɓoye sunana a lungun wata ƙasa ba, ana jin ƙwanƙwasa ƙofa gabansa na faɗuwa.”

Maigidana ya fito ya wuce ni ko kallo babu. Ina tausayinsa, wallahi. Gonar nan ita kaɗai ya mallaka, kuma ba don kansa ya sayar ba. Ni kaina zuciyata biyu ta rabu. Wata ta ce ya zauna ko Allah zai kawo mafita, wata ta tuna min da maƙwabciyata da wayar da aka ɗaga a kan makara. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ce ba. Uwar ɗan fari ba ta da baki a irin wannan. Amma washegari da na kai kunu, na ajiye, na kasa tashi. Baba ya dube ni ya ce, “Na ji ki, Uwata.” Alhali ban buɗe baki ba.

Ya sa aka kira yaron. Ya ce, “Takwara, saura yaushe?”

“Ya kusa, Kaka. Akwai wurare biyu da nake jira.”

“Ka jira su har ranar ƙarshe da doka ta ba ka. In sun saya, alhamdu lillahi. In ba su saya ba, kada ka ƙara kwana ɗaya. Ka taho.”

Yaron ya fashe da kuka. Ƙato da gemunsa. Yana cewa an sayar da gona saboda shi, an sayar da shanu, ya zai shigo Daura hannu rabbana. Baba ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce, “Kai ɗan banza, a gidan wa ka girma? Sau nawa ka riƙe min ƙwaryar dusa?”

Wuraren biyu ba su ɗauke shi ba. Ya sayi tikiti da kuɗin sito, ya taho kafin wa'adinsa ya cika.

Maigidana ya shirya cewa yaron ya tsaya a Kano wajen ƙanina har ya samu wani abin yi, in an tambaya a ce hutu ya zo. Shi ma yaron hakan ya fi masa. Baba ya ji, ya kira shi ya ce ya hau motar safe, kuma ya faɗa masa ranar: ranar kasuwar Daura, lokacin da gari ya fi cika.

Da hantsi na ga Baba ya fito cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani, ya ɗauki sanda. Ƙafarsa ta dama ta daɗe tana ciwo. Aka tsayar masa da mai mashin, ya yarda a kai shi tasha, amma ya ce dawowa da ƙafa za su yi.

Ban je ba, ina gida. Amma labari ya riga su isowa, don duk yarinyar da ta shigo da talla sai ta kawo min guntu. An gan su wajen masu goro. An gan su a rumfar mahauta. Baba yana riƙe da hannunsa, yaron yana jan akwati, da hular nan ƙube a kansa. Duk inda suka tarar da mutane sai Baba ya tsaya ya ce, “Ga takwarana ya dawo. Ya ci karatunsa. Ya nemi aiki a can, kasuwa ba ta yi ba, takardarsa ta cika, ya taho da mutuncinsa. Ku sa masa albarka.” Har majalisar maigidana bai tsallake ba. An ce wani a cikinsu ya ce, “To, ina bankin Turawan?” Baba ya ce, “Yana can ana korar Turawan ma. Kai da ba ka je ba, wane banki ne ya ɗauke ka?” Aka yi dariya, maganar ta mutu a wurin. Abin da za a yi wata ana raɗa a kai, Baba ya ƙarar da shi kafin azahar.

Ni da kunnena na ji isowarsu. Gaisuwa tana matsowa daga bakin layi, gida-gida, ga ƙarar tayar akwati a kan tsakuwa, ga sandar Baba. Da suka shigo zaure na ji ya ɗaga murya. “Uwata! A fara ba wanda ya sha rana.”

Na dama fura na kai. Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Na dubi gefe na ce, “An dawo lafiya?” Iyakar abin da al'ada ta ba ni ke nan. Na koma madafa na rufe ƙofa, na yi kukana a cikin hayaƙi, inda ko an gani za a ce itace ne ɗanye.

Maigidana bai yafe da wuri ba. Yana amsa gaisuwar yaron a taƙaice, ba ya zama inda yake. Yaron kuwa a zauren kakansa ya tare da kwamfutarsa, yana ta neman aiki a bankunan Kano da Abuja da Legas. Har yau da nake rubutun nan bai samu ba, kada wani ya ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. An kira shi wuri ɗaya, muna jira. Amma tsokana ta dawo. Ina jin su ta katanga, yana yi wa Baba bayanin yadda hannun jari yake tashi ya faɗi, Baba yana cewa, “Wato ku ma ba ku san gobe ba, sai dai kun fi mu kwat.” Ranar Lahadi kuma shi yake raka shi Mai'adua, ya riƙe masa kujera.

Damina ta tsaya ciwon Baba ya tashi. Bai daɗe a kwance ba. Takwaransa ne yake juya shi, shi yake masa alwala, a kan cinyarsa ya cika. Shi ya shiga kabari ya karɓe shi, kamar yadda maƙwabciyata ta ji.

Bayan an share makoki, aka kai shanun da Baba ya bari kara domin a raba gado. Aka sayar da su ban da ɗaya, wani farin bijimi da Baba yake ji da shi, wanda aka yi wa tayin wulaƙanci. Da la'asar sakaliya mai korar shanun ya kira maigidana. Muna tsakar gida, ina tankaɗe, na ji muryarsa a wayar. Ya ce mota ta sauke su a bakin gari, ko su jira a yi magariba sannan su shigo ta baya?

Maigidana ya ce, “Ku tsaya nan. Ga mu nan zuwa.”

Ya shiga rumbu da kansa ya ɗebo dusa a ƙwaryar Baba. Ya tambaye ni ina kanwa, na miƙa masa. Ya ɗauki sandar da take jingine a inda mai ita ya bar ta, ya tsaya a ƙofar zaure, inda yaron yake zaune shi kaɗai a kan buzun kakansa. Rabon da ya kira shi don wani abu tun kafin ya dawo.

Ya ce, “Takwaran Baba, taso ka riƙe min ƙwarya. Ta titi za mu biyo.”

Na bi su da kunne har suka sha kwana. Can kuma na fara jin gaisuwa tana matsowa daga bakin layi, gida-gida. Na ajiye rariya na je na cika bokiti, don wanda ya sha rana shi ake fara ba ruwa.

Ya Allah, ga baƙo nan ya iso gare Ka, wanda bai taɓa barin baƙo a waje ba. Ka sauke shi masauki mai kyau, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haɗa shi da Iya a inuwar rahamarKa. 'Ya'yan mutane da suke tsaye a kasuwannin wasu ƙasashe suna jiran mai tsaya musu, Ka tsaya musu. Wanda kuma kasuwa ba ta yi da shi ba, Ka ba shi mai fita taryensa da rana. Amin.